Yadda ake cire mangwaro da sauran kayan marmari a ƙaramin lambu ba tare da asara ba

Duk shekara da zarar an shiga watan Maris zuwa Afrilu zaka ga mangwaro ya cika ko'ina, a tebur, a baro, a bakin titi, yara na yawo da shi a faranti, amma in ka zaga bayan kasuwa kuma sai ka tarar da wani tulin an zubar ƙuda na binsa. Abin yana damuna gaskiya, domin mafi yawan wanda ake zubarwan nan tun a gindin bishiya aka gama da shi, a kasuwa kawai ya zo ya bayyana. Mutum ya yi shekaru yana rainon bishiya, ya zuba taki, ya sha wahalar ban ruwa da rani, ya yi ta fama da awaki da yara masu jifa, sai ranar da ya kamata ya kwashi ladan wahalarsa ya turo samari biyu da gora su yi ta dukan bishiyar kamar sun kama ɓarawo, 'ya'yan na faɗowa ƙasa suna fashewa ana kwashewa ana durawa a buhu. Shiyasa nace bari in zauna in rubuta wa ƴan uwa masu ƙananan lambuna, wanda yake da bishiya goma ko ashirin a bayan gari ko a fadama, yadda ake cirewa a kai kasuwa lafiya lau. Zan fi daɗewa akan mangwaro tunda shi ne muka fi yawa da shi kuma a nan aka fi tafka asara, sauran zan taɓo su daga baya.

Abu na farko ka san lokacin da ɗan ya ƙosa. Mangwaro yana cikin kayan marmarin da suke ƙarasa nuna bayan an cire su, amma da sharaɗin ya riga ya ƙosa a jikin uwarsa, in bai ƙosa ba ka cire to ko wata guda ka ajiye shi sai dai ya yamushe ya yi laushi, zaƙin kam babu shi, tsami ne zalla. A nan arewa bishiya tana yin huda ne cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, kuma daga huda zuwa ƙosawa ana ɗaukan kusan wata uku da rabi zuwa huɗu da ɗoriya gwargwadon iri da yanayi. Saboda haka in kana so ka sauƙaƙa wa kanka, ranar da kaga bishiya ta cika da huda rubuta a waya ko a bangon ɗakin lambu, zai taimake ka sosai wajen lissafi. Kuma ka lura bishiya ɗaya ba lallai ta yi huda lokaci guda ba, wani gefen ya riga wani gefen, don haka ba'a share bishiya tas a rana ɗaya, sau biyu ko sau uku ake shigarta.

Alamun da ake dubawa kuwa, ka kalli wajen da ɗan karan nan yake riƙe da mangwaron. Ɗanye sharaf kafaɗunsa a zube suke, karan ne a sama. In ya ƙosa kafaɗun sai su ciko su taso har karan ya zama kamar ya ɗan nutsa a rami, kumatunsa su cika, koren ɓawon ya daina duhu ya fara haske, wasu irin ma zaka ga wata farar hoda-hoda ta fito a jikinsu. Amma wadda ta fi duk waɗannan tabbas ita ce ka ciri guda uku ko huɗu daga gefe daban daban ka yanka. In tsokar fara ce fat har ƙwallo, kuma wuƙa tana iya ratsa ƙwallon, rabu da shi tukuna. In kaga ruwan ɗorawa ya fara daga jikin ƙwallo yana bazuwa waje, ƙwallon kuma ya yi tauri, to bismillah lokaci ya yi. Wasu kuma suna jefawa a bokitin ruwa, wanda ya ƙosa yakan nutse ko ya yi ƙasa-ƙasa, ɗanye ya taso sama. Wannan yana taimakawa amma ba kowane iri yake yi wa daidai ba, ni dai yankawar na fi yarda da ita, asarar guda huɗu ba komai bace akan asarar kwando goma.

Kar launin ɓawo ya ruɗe ka fa. Akwai irin da ko ya nuna luɓus korensa yana nan, akwai wanda tun yana ɗanye gefen da rana take duka ya yi ja. Binta siga daban, paparanda daban, ɗan Kamaru daban, ɗan aure irin su Juli da Fita daban, na gargajiya mai zare shi ma da halinsa. Kowa ya san bishiyarsa, in kuma sabon dashe ne baka saba da shi ba ka tambayi wanda ka sayi dashen a wajensa.

Sannan ka tambayi kanka ina kayan zasu je. In a ƙauyenku ko kasuwar da ke kusa zaka sayar gobe ko jibi, bar shi ya fara nuna a bishiya, ya fi zaƙi da ƙamshi nesa ba kusa ba. In kuwa mota zai hau zuwa kasuwar Ƴan Lemo a Kano ko Kaduna ko Abuja, to wanda ya ƙosa amma yana da tauri zaka cire, yadda zai jure hanya ya je ya ƙarasa nuna a hannun ƴan sari. Kuma don Allah ka gama magana da mai saye ko dillali da mai mota kafin ka taɓa bishiya. Mutane da yawa sai sun tara kaya a ƙasa sannan su fara buga waya neman mota, shi kuma dillali da ya zo ya ga kaya a zube rana na dukansu ya san baka da zaɓi, duk abinda ya taya dole ka sallama. Muddin suna rataye a bishiya kai ne da ƙarfin ciniki.

Tunda na taɓo ciniki bari in faɗi wata magana. Akwai al'adar nan ta sayar da bishiya tun tana huda ko 'ya'yan suna ƙanana, mutum ya matsu da kuɗi sai ya karɓi ɗan abinda aka bashi. Na san matsi ne yake kawo haka, ba wanda yake so, amma ka sani hadisi ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin kyawunsu ya bayyana, kuma duk wanda ya ga yadda iska ɗaya take zubar da huda ya san hikimar. Bayan haka wanda ya sayi amfanin shekara ɗaya ba ruwansa da lafiyar bishiyarka, yaransa zasu kakkarya rassa su tafi su barka da ita. In dai dole sai ka sayar a tsaye, ka jira su ƙosa, kuma ka kafa sharaɗi ba duka da sanda, kuma kai ko ɗanka ko wani naka ya tsaya a wajen.

To kayan aiki. Ba wasu masu tsada bane. Gora doguwa mara nauyi, a bakinta ka sa maƙeri ya lanƙwasa maka zoben ƙarfe faɗinsa kamar bakin ƙaramar roba, a cikin zoben ta gaba ya maƙala ɗan reza ko guntun lauje mai kaifi, sai ka ɗinka jakar yadi ko ta raga a ƙasan zoben wadda zata ɗauki guda uku zuwa huɗu. In ka zura ka ja, wuƙar ta yanke karan, mangwaron ya faɗa jaka maimakon ƙasa. Sai almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi don na ƙasa-ƙasa da hannu yake kaiwa, tsani mai ƙwari, igiya, bokiti, tabarma ko tampol, da riga mai dogon hannu da hula. Mai hawa sama ya rataya jaka, in ta cika ya zuro ta da igiya, ko kuma mutum biyu a ƙasa su riƙe buhu a shimfiɗe ana jefo musu ɗaya bayan ɗaya. Abinda nake so ka riƙe shi ne duk mangwaron da ya daki ƙasa ya riga ya samu rauni a ciki ko da baka gani a waje ba, bayan kwana biyu uku wajen zai yi laushi ya yi baƙi, daga nan ruɓa take farawa. Wanda ya faɗi a ware shi gefe, na gida ne ko na sayarwa yau yau.

Maganar hawa kuma a yi hattara wallahi. Reshen mangwaro yana da saurin karyewa ba tare da ya yi gargaɗi ba, ballantana wanda ƙwari suka ci cikinsa. Kar a tura ƙananan yara ƙololuwa saboda wai basu da nauyi, kar a hau bayan ruwan sama, a duba gidan rina da na zuma kafin a fara, in kuma wayar wuta ta bi ta kusa da bishiyar to a kiyayi gora mai ƙarfe a baki. Ɗan da ya gagara a barwa jemage da tsuntsaye, bai kai ƙafar mutum ba. Su kuma jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida, na san cizonsu da zafi, amma kar ka yi saurin ƙona su, suna korar ƙudan da yake sa tsutsa a mangwaro. Masu hawa sukan shafa toka a hannu da ƙafa, tana rage musu hawa jiki.

Yanzu ga wajen da mutane da yawa basu damu da shi ba alhali shi ne yake ɓata fuskar kaya, wato ƙaron nan da yake tsartowa in an tsinke mangwaro daga karansa. Wannan ruwan yana ƙona ɓawo, duk inda ya bi zai bar baƙin layi, ƙura ta manne, kuma ta wajen ƙunar cuta take samun hanyar shiga. Yana ƙona fatar mutum ma, wasu har bakinsu da fuskarsu ya kumbura ya yi ƙuraje, in ya shiga ido kuwa a wanke da ruwa mai yawa nan take. Dabarar ita ce kar ka fizge shi daga gindin karan, ka yanko shi da kara mai ɗan tsawo kamar tsawon yatsa, a haka ƙaron baya fita sosai. In an sauko da su inuwa sai a ɗauki kowanne a juya kansa ƙasa, a datse karan a bar kamar santimita 1, a jera su kai a ƙasa akan wani abu mai ramuka, ragar waya ko gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, su yi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya ƙaron ya gama ɗiga. Kar a kifa su akan turɓaya kai tsaye, ƙasa tana ɗauke da cutar da take ruɓar da shi ta wajen karan. Wanda ƙaro ya riga ya taɓa a wanke shi da ruwa mai tsabta da wuri kafin ya bushe. Aiki ne mai cin lokaci na sani, amma ka ajiye kwando biyu a kasuwa ɗaya mai tsabta ɗaya duk baƙin zane, ka ga wanda za'a fara tayawa.

Lokacin cira kuma, da sassafe sosai ƙaro ya fi yawa ga raɓa, da tsakar rana kuma zafin bazara da yake haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri yana dafa kayan tun kafin su bar lambu. Don haka ka fara in raɓa ta bushe ka tsaya kafin rana ta take, in baka gama ba ka dawo bayan la'asar. In an yi ruwa ka jira su bushe. Kuma duk abinda aka ciro inuwa kai tsaye, kar a tara a rana ko na minti talatin ne, kar kuma a lulluɓe da baƙar leda wai don kariya, wannan turara su kake yi. Wanda ya yi feshin magani ya duba jikin kwalbar, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a ci, a cika su, mutane ne zasu ci har da yara.

Sai tantancewa. Ka zauna ka raba kashi uku ko huɗu: manya masu kyau, matsakaita, masu ɗan tabo, da waɗanda suka fashe ko tsutsa ta shiga. Kar ka ce bari in cusa masu tabon a ƙasan kwando in rufe da masu kyau, banda cewa algus ne kuma haramun ne, wake ɗaya shi ke ɓata gari, ruɓaɓɓe ɗaya zai jiƙa na kusa da shi kafin a isa kasuwa. Wanda ya fara nuna ma kar a haɗa shi da mai tauri in tafiyar nesa ce, domin nunanne yana fitar da wata iska da take sa na kusa da shi nuna da sauri.

Maganar tsutsa tana buƙatar a ɗan tsaya. Akwai wani ƙuda ɗan asalin Asiya da aka fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin ƴan shekaru ya bazu har yammacin Afirka, ya haɗu da namu na gida, su ne suke huda ɓawo su saka ƙwai, ka yanka mangwaro mai kyau a ido ka tarar da tsutsa a ciki. Sun fi yawa in damina ta fara sauka, shiyasa irin da yake nuna a makare wajen Mayu da Yuni ya fi shan wahala, kuma shiyasa barin kaya su nuna luɓus a bishiya a wannan lokacin kasada ce. Tsutsar in ta girma fita take yi daga ɗan da ya faɗi ta shiga ƙasa ta zama sabon ƙuda, kaga kenan duk wanda ka bari a gindin bishiya gidan haihuwa ka basu. Ka rinƙa tsince su kullum ko duk bayan kwana biyu, ka ba dabbobi, ko ka zuba a baƙar leda mai kauri ka ɗaure ka ajiye a rana na wasu kwanaki zafi ya kashe su, ko ka binne a rami mai zurfi akalla rabin mita. Akwai kuma tarkon da ake ratayawa mai ƙamshin da yake jan mazan ƙudan, ana samu a shagunan maganin gona, in ka samu dama ka tambayi malaman gona ko mutanen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, suna da reshe a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe. Amma gaskiya in maƙwabcinka baya tsince nasa wahalarka zata ragu ne kawai, don haka ku yi magana ku haɗa kai.

Baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da suke fitowa in ya fara nuna kuma cutar fumfuna ce, ita ma danshi take so. Masu kai kaya nesa suna tsoma su a ruwan ɗumi mai digiri 52 na minti 5 sannan su shanya a inuwa, yana ragewa sosai. Amma sai da ma'aunin zafi, in baka da shi kar ka yi da ka, in ya wuce kaɗan ka dafa ɓawon kenan.

Wajen zubawa, buhu shi ne mafi muni, bana ba kowa shawarar sa. Babban kwandon nan mai zurfi shi ma na ƙasa ne suke ɗaukan nauyin na sama, ga tsinken kwandon yana sokar su, ga kuma in aka ɗora wani akan wani a mota shikenan. Kiret ɗin roba irin wanda ƴan tumatir suka fara amfani da shi, mai ɗaukan kilo 20 zuwa 25, ya fi komai, domin in an jera su kiret ne yake ɗaukan nauyin kiret ba kayan ba, iska na shiga, kuma ana wanke shi a sake amfani da shi shekara da shekaru. In tsada ta hana ka saye kai kaɗai ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, ko ku ɗauki haya. In kwandon ne dai ya zama dole, nemi mara zurfi, ka shimfiɗa takarda ko busasshiyar ciyawa mai laushi a ciki, kar ka yi masa tozo. Lodi da yamma a yi tafiyar dare ko asuba, kar a bari ƴan lodi su zauna akan kaya, kar a haɗa da jarkar fetur ko buhun taki.

Sai kabaid, sinadarin nan da wasu suke sawa don kaya su nuna da sauri. Don girman Allah a bar shi. Na san dalilin da yasa ake sawa, kowa yana so ya riga kowa shiga kasuwa lokacin da kaya suke tsada, sai a ciro ɗanye a ƙunsa kabaid a takarda a tura cikin kwando a rufe, kwana ɗaya biyu ya yi jawur. Amma wannan abin na masu walda ne, yana ɗauke da guba irin su asenik, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi akan nunar da kayan marmari da shi. Kuma ko ta fuskar kasuwa ma, wanda ya saya ya ga waje ja ciki tsami ba ƙamshi, gobe ba zai dawo wajenka ba. In kayanka sun ƙosa basa buƙatar komai, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko takarda a ɗaki mai iska, ka jera su layi ɗaya ko biyu, ka rufa musu wata ciyawar, cikin kwana huɗu zuwa mako zasu nuna da kansu. In sauri kake ka sa nunanniyar ayaba ko nunannen mangwaro kaɗan a tsakaninsu cikin kwali, iskar nan da na faɗa ɗazu ita zata yi maka aikin. Ka rinƙa dubawa kullum kana cire wanda ya yi.

Ajiya kuwa, mangwaro da ayaba da gwanda basa son sanyi mai yawa, wajen digiri 12 zuwa 13 suke so, in ka sa ɗanye a firij ɓawon zai yi tabo kuma ba zai nuna daidai ba. Wanda ya riga ya nuna ne ake sawa ya ƙara kwana biyu uku. Inda babu wuta kuma dabarar tukunya cikin tukunya tana aiki, a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ta fi aiki lokacin da iska take a bushe, kuma ta ɗan abin gida ce ba ta lodin mota ba.

Gwanda ita tafi mangwaro laushin jiki, ko farce ya karce ta sai ya nuna. Ana cire ta in ɗan layin ruwan ɗorawa ya fara bayyana daga ƙasanta, in ta kasuwar nesa ce layi ɗaya ya isa, in ta kusa ce a bari ya kai kamar kwata ko rabi. Koriya shar in ka cire ba zata yi zaƙi ba. Riƙe ta da hannu ɗaya ka yanke karan da wuƙa, ko ka murɗa a hankali, farin ruwanta yana sa ƙaiƙayi don haka a sa safar hannu ko a ɗaura leda. Kowace a naɗe ta da takarda, layi ɗaya a kiret, kar a ɗora wata akan wata. Ita ana shiga ne sau ɗaya ko sau biyu duk mako tunda a hankali take nuna daga ƙasa zuwa sama, in bishiyar kuma ta yi tsawon da sai an zungura, gara ka dasa sabuwa, cikin shekara guda zata fara baka.

Ayaba kuma ba'a barinta ta nuna a jikin uwa, fashewa take yi tsuntsaye su sha. Ka kalli 'ya'yan, suna ƙanana zaka ga suna da kusurwa-kusurwa masu kaifi, in suka cika kusurwar ta fara ɓacewa suka yi mulmul to ta yi. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya sari jikin uwar sama-sama ba har ya yanke ba yadda zata sunkuyo a hankali, ɗayan ya tari kan ayabar a kafaɗarsa da ya ɗora tsumma, sannan a yanke. Kar kan ya taɓa ƙasa. Uwar da ta haihu ta gama aikinta ba zata ƙara ba, a sare ta a daddatsa a baza a gindin ta zama taki, a bar ɗa ɗaya ko biyu masu ƙarfi da suka tsiro. Ruwanta baya fita a tufafi, a sa tsofaffin kaya.

Lemun zaƙi shi akasin waɗannan ne, in ka cire shi ya tsaya kenan, zaƙinsa baya ƙaruwa, haka ma abarba da kankana. Kuma a ƙasa mai zafi irin tamu lemu yana iya nuna ɓawonsa kore, dubi wanda ake kawowa daga Binuwai, kore ne amma zaƙi kamar me. Don haka ɗanɗanawa ce kawai gwaji, ciri daga gefen rana da gefen inuwa ka sha. A yanke da almakashi dab da jiki, in an fizge ɓawon wajen karan yana yagewa, kuma kar a taɓa shi da raɓa ko bayan ruwa, man ɓawon yana fashewa ya bar tabo. Gwaiba kwana biyu uku ne ranta kuma ƙudan nan yana sonta sosai, a cire ta da zarar koren ya fara haske, a ƙaramin mazubi. Yazawa kuma in ƙwallon kake nema ba'a cira, jira ake ya faɗo da kansa, a share gindin bishiyar a rinƙa tsincewa kullum, a murɗe ƙwallon daga jikin tsokar tas, a shanya kwana biyu zuwa uku har in ka girgiza ka ji yana ƙara, a zuba a buhun algarara ba leda ba.

In kaya sun yi yawa kasuwa ta faɗi, kar ka zuba ido su ruɓe. Mangwaro mara zare da ya nuna amma bai yi luɓus ba, a wanke a fere a yanka falle-falle sirara, a shanya akan raga a sama da ƙasa a rufe da gidan sauro saboda ƙuda, in ya bushe ya zama yana lanƙwasuwa baya ɗigar ruwa a ƙulle a leda ko kwalba mai murfi. Wannan kafin damina ta sauka yake yiwuwa, in iska ta yi danshi fumfuna zai yi. Masu haɗa lemon kwalba na gida da masu shagon jus su ma suna sayen masu ɗan tabo da araha, ka nemi lambarsu tun kafin lokaci.

Da ka gama cire na ƙarshe kar ka juya wa bishiyar baya sai baɗi. A satin nan ka yanke busassun rassa da waɗanda suka karye da ragowar karan da 'ya'yan suka rataya, ka ɗan buɗe tsakiyarta rana da iska su shiga, in ta yi tsawo da yawa ka rage kanta ta tsaya inda gorarka take kaiwa, kamar mita 4 zuwa 5. Tsohuwar bishiya babba kar a sare ta lokaci guda, kaɗan kaɗan cikin shekara biyu ko uku. Ka kwashe duk abinda ya zuba, ka zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya a kewayen inda inuwarta ta tsaya ba a jikin gindin ba, farkon damina ne daidai lokacin. Sabon tohon da zata yi bayan wannan aski shi ne zai yi maka huda in hunturu ya zagayo, kuma mangwaro dama yakan yi shekarar yawa da shekarar ƙaranci, in ka ga bana ta cika sosai to ka ƙara mata taki fiye da yadda ka saba.